Yadda za ka ja kaya mai nauyi ba tare da ka dafa giyar motarka ba

Wata rana a cikin Afrilu na yi lodin masara buhu 16 a Dawanau, a a-kori-kurata mai giyar otomatik, zan kai Mariri. Buhu 10 ne haƙƙinta, na sani, amma mai kayan ya ce ba zai biya sawu biyu ba, ni kuma na ga kuɗi. Daga Bachirawa zuwa Kurna muka kusa awa guda a gosulo, a matsa taku uku a tsaya. Ina ta duban allurar zafi a dashbod, tana nan tsakiya ba ta motsa ba, hankalina kwance. Sai yaron motata ya ce, "Oga, kamar ana ƙona wani abu." Na ce masu suyar awara ne a bakin titi. Da hanya ta buɗe na taka totur, inji ya yi kuka, mota kuwa kamar an riƙe ta ta baya.

Da muka lallaɓa gareji, bakaniken ya zaro gejin man giya ya shafa a farar takarda. Man da na sani ja kamar zoɓo ya koma kalar baƙin shayi, yana warin ƙauri. Ya kai hanci, ya dube ni ya ce, "Alhaji, ai ka dafa ta." Gyaran ya cinye ribar wata uku. Abin da ke ƙasa shi ne abin da na koya bayan nan, wani a gareji, wani a littafin motar da na shekara biyu ban buɗe ba.

Abin da allurar dashbod ba ta gaya maka

Allurar nan zafin ruwan inji take aunawa. Ba ruwanta da giyabos. Giya na iya tafasa allura na tsakiya, kuma nan ne yawancinmu ke faɗawa rami.

A motar otomatik, tsakanin inji da giya akwai wani dunƙulallen ƙarfe mai kama da tukunya, shi ne konbata. Cike yake da mai. Inji na juya fanka ɗaya a ciki, ita ta watsa man ga fanka ta biyu, ta biyun ta juya giya. Ba ƙarfe ke kama ƙarfe ba, mai ne ke tura ƙarfe. Duk lokacin da fankar inji ta fi ta giya gudu, bambancin nan zafi yake zama a cikin man. Idan mota ta miƙe a hanya da gudu daidai, akwai kuloci a cikin konbatan da ke kulle fankokin biyu su zama ɗaya, zafin ya ragu sosai. Amma wajen tashi daga tsaye, da gosulo, da hawan tudu, da tafiyar yashi, kulocin nan a buɗe yake. Ka ɗora nauyi a kan haka, ka ga inda matsalar take. Wato ba doguwar hanyar Zariya ce ta fi cin giya ba, tsakanin Kurna da Rijiyar Lemo ne da ƙarfe biyun rana.

Man giyar otomatik ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya haura 120 ya fara ƙonewa da sauri, robobin da ke riƙe matsin mai su bushe su yi tauri. Ya ƙara gaba, faya-fayan da makanikai ke kira faiba su fara sulɓi, sulɓin ya ƙara zafi, zafin ya ƙara sulɓi. Masana mai suna da wani ƙiyasi: duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da ya dace yana rage kwanan mai da kusan rabi. Shi ya sa giya ba ta cika mutuwa a ranar da aka zalunce ta ba. Sai bayan wata biyu, kana tafe ba kaya, ta ce ga garinku nan, kai kuma ka ɗora wa bakanike laifi.

Kano kuma ta ƙara nata. Daga Maris zuwa Mayu rana kan kai digiri 40 har ta wuce, iskar da za ta sanyaya lagireto ita kanta zafi gare ta. A yawancin motoci man giya ta cikin tankin lagireton inji yake bi ya huce, saboda haka duk abin da ya taɓa lagireto ya taɓa giya.

Mataki na farko yana wurin lodi

Buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙinta, ko ka ɗaga bonet. Akwai ƙaramin allo ko takarda da ke ɗauke da iyakar nauyin motar gaba ɗaya, da abin da kowane aksil zai iya ɗauka. Littafin motar kuma zai ba ka iyakar abin da za ta ja a baya, da jimillar mota da tirela a haɗe. Waɗannan lambobin su ne alƙalinka, ba ɗan kamasho ba.

Lissafin ba wuya. Buhun masara ko dawa na Dawanau kusan kilo 100 ne, na siminti kilo 50. A-kori-kura irin su Hilux wajen tan ɗaya take ɗauka, wato buhun hatsi 10 ko siminti 20, kuma a cikin tan ɗayan nan har da kai da yaronka da safaya da jarkokin ruwa. Idan an yi wa motar kejin ƙarfe a baya, shi ma ka cire nauyinsa. Ƙara ganyen sifirin da ake yi a gareji yana hana motar zaunawa ne kawai, giyar tana nan yadda kamfani ya yi ta.

Idan tirela za ka ja, yawancin waɗannan motocin kilo 750 kawai aka yarje musu muddin tirelar ba ta da birkin kanta. Manyan lambobin da ake gani a talla na tirela mai birki ne. Sannan ka tsara kayan yadda kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin zai danna kan ƙugiyar, mafi nauyi a gaban tayoyin tirelar kaɗan. In nauyi ya koma baya za ta yi ta wutsiya, kai kuma ka yi ta birki da totur, giya na sauka tana hawa.

In mai kaya ya matsa, ka lissafa masa sawu biyu. In ya ƙi, bar shi ya nemi babbar mota irin kanta.

Duba man, da idonka da hancinka

Ka yi wannan kafin kowace babbar tafiya. A yawancin motocin da ke da geji, ana duba man giya ne inji na aiki, mota ta ɗumama, tana tsaye a wuri mai daidai. Taka birki, bi da giyar ta kowane gurbi kana ɗan tsayawa, ka dawo da ita P, sannan ka zaro gejin, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomin da aka rubuta HOT. Ƙarancin mai na kawo sulɓi. Yawansa kuma na sa ya yi kumfa, kumfa ba ta ɗaukar zafi, don haka kar ka yarda da mai cewa a ƙara rabin lita "saboda kaya".

Shafa shi a farar takarda. Ja mai haske lafiya lau. Ruwan ƙasa mai haske ya tsufa, lokacin canji ya yi. Baƙi mai ƙauri, ko mai ɗan ƙyalƙyalin ƙarfe, wannan kar ka yi lodi. Idan kuma ka ga ya yi kauri ya yi fari-fari kamar an zuba madara a zoɓo, ruwa ya shiga: ko bututun da ke cikin lagireto ya fashe, ko motar ta yi iyo a ambaliyar Agusta ruwa ya bi ta kafar shan iskar giyabos. Ruwa yana ɓamɓare faiba daga jikin ƙarfensu, kwana kaɗan ya ishe shi.

Sababbin motoci da yawa ba su da geji. Ana duba su ne ta ƙasa, a wani takamaiman zafi, da na'ura. Wannan aikin wanda ya san giyar otomatik ne, ba na kowane mai sifana ba.

Batun irin man kuwa, nan nake da zafi. Ba duk jan mai ne ɗaya ba. Toyota na da T-IV da WS, akwai Dexron III da Dexron VI, Ford na da Mercon iri-iri, kuma kowanne da irin kaurinsa da irin kamun da yake wa faiba. Abin da aka rubuta a kan gejin ko a littafi shi za ka zuba. Saye shi a rufe da hatiminsa, a wurin da ka amince, ka tsaya a buɗe a gabanka. Man da ake aunawa daga wata jarka marar suna ban san abin da ke ciki ba, mai sayarwar ma sau da yawa bai sani ba. Littattafan motoci suna da jadawali daban na motar da ke aikin wahala, kuma motar da ke jan kaya a Kano tana cikinsa ba musu. Ni dai ba na wuce kilomita 40,000 ban juye ba, tare da matatar. Na fi son a kwance a juye a zuba sabo a kan a tura shi da injin matsi, musamman a tsohuwar giya.

Lagireto da abin da ke gabansa

Ƙurar hunturu na cika ramukan lagireto, sannan ga ƙaiƙayi da leda, ga wanda ke aikin Dawanau. Haska tocila ta bayansa, in haske bai fito ta gaba ba, a wanke shi da ruwa marar ƙarfi daga ɓangaren inji zuwa waje. Ruwa mai matsi na lanƙwasa ganyayyakinsa. Tabbatar fanka na kamawa, kuma robar da ke zagaye da ita tana nan, don makanikai kan cire ta su manta. Manyan fitilu da faifan ado da ake jerawa a gaban mota suna tare iska.

Abu biyu da muka saba masu ɓarna ne: cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, da zuba ruwan rijiya zalla a lagireto. Ruwan rijiya na barin tsatsa da farar ƙasa a ciki, kuma shi ke cin bututun man giyar nan har ya huda. Zuba ruwan lagireto na gaskiya, mai launi.

Idan jan kaya ne sana'arka, ka sa wa giyar nata ƙaramin lagireton a gaba. A haɗa shi yadda man zai fara bi ta babban lagireto, sannan ya bi ta ƙaramin, ya koma giya. A yi amfani da tiyon da aka yi don man giya, ba na fetur ko na ruwa ba, a ɗaure sosai, a kuma ƙara man da ƙaramin ya shanye. Tiyo ɗaya ya kuɓuce a hanya, cikin mintuna man ya ƙare. Ka haɗa da abin auna zafin giya. Motocin zamani na da soket a ƙarƙashin sitiyari da ake maƙala ƙaramar na'ura ta turo lambobin zuwa waya, kuma a motoci da yawa har da zafin man giya. Ranar da na fara ganin lambar nan tana hawa a gosulo, na daina gardama da kowa.

Sai taya da birki. Taya mai ƙarancin iska da birkin da ke kamawa duk nauyi ne da ba ka gani. Bayan tafiyar kilomita kaɗan, kusantar da hannu ga kowane wili, wanda ya fi 'yan'uwansa zafi yana da magana. Manyan tayoyin ado kuma suna sa giya ta ji kamar kullum a tudu take.

A kan hanya

Lokaci ya fi komai sauƙi. In kana da zaɓi, yi lodi da yamma ka tashi bayan Asuba, kafin titin Katsina ya cika. In hanya ta ba ka, bi baifas ka zagaye gari. Ƙarin kilomita 10 a guje ya fi wa giya sauƙi a kan kilomita 3 na taka-ka-tsaya.

Tashi a hankali. Kar ka danna totur ƙasa daga tsaye, nan ne konbata ya fi sulɓi. Idan motarka na da maɓallin TOW/HAUL, wato na jan kaya, danna shi duk sanda kake da nauyi. Tsofaffin Toyota da makamantansu na da O/D OFF, shi ke hana ta shiga giyar ƙarshe. Alamar da za ka lura da ita ita ce farauta: giya ta hau, ta sauka, ta sake hawa cikin ɗan lokaci. Kowane canji zafi ne. Da ka ji haka, ka sauko da ita mataki ɗaya da hannunka ka bar ta nan. Injin zai ɗan ɗaga murya, mai zai ɗan ƙara sha, amma famfon giya da fankar inji na juyawa da sauri, kuma abin da ake so ke nan. Direbobi da yawa na tsoron kukan inji, alhali nishin da yake yi a babbar giya shi ne abin tsoro.

A gosulo, in tsayuwar za ta wuce minti ɗaya, mayar da ita N, wato firi, ka taka birki. A D tana tsaye, konbata na ta dama mai a banza. Idan gosulo ya kama ka a hawan gadar sama, irin ta Dangi ko ta Kofar Nasarawa, kar ka riƙe motar da totur don kada ta koma baya. Birki ne aikinsa. Bar tazara tsakaninka da na gaba ka riƙa gangarawa a hankali, ko da masu adaidaita sahu za su cusa kai, za su cusa ɗin dama.

Kano shimfiɗaɗɗiya ce, wannan ya sa direbanmu kan manta da tudu. Garin na kusan mita 480 sama da teku, Jos kuwa wajen mita 1,200. Wanda ya ɗauki kaya ya bi ta Falgore da Saminaka zai hau wannan bambancin da giyarsa. Sauko da giya tun kafin ka shiga hawan, ba sai mota ta fara nishi ba. A gangara ma ka bar ta a ƙaramar giya inji ya riƙe, kar ka sa a firi.

Masu shiga yashi ko gona: in motar na da 4L, wato ƙaramar giyar da tayoyi huɗu ke ja, sa shi tun kafin ka shiga, ka fitar da shi da ka hau kwalta. In ka kafe, kar ka yi ta wurga giya tsakanin D da R taya na juyawa. Minti biyar na wannan ya fi tafiyar yini ɓarna. Sauke rabin kayan, a haƙa, a sa katako. Ribas da tirela a baya zuwa cikin sito shi ma yana tara zafi, saboda ba iska, ga sulɓi. Yi shi sau ɗaya da mai nuna maka hanya.

Idan ta riga ta yi zafi

Alamomin: fitilar A/T OIL TEMP ko hoton giya da ma'aunin zafi, warin ƙauri, jinkiri kafin ta shiga giya, bugu wajen canji, inji na kuka mota ba ta ja, ko ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi fita. Wannan na ƙarshen kwamfutar motar ce ke kare giyar. Wani lokaci mai kan tofo ta kafar iska ya zuba kan salansa, ka ga hayaƙi ta baya. Wannan na iya zama gobara.

Sauka daga titi, sa P, ja birkin hannu, kashe esi, ɗaga bonet. Kar ka kashe inji. Famfon da ke zagaya da man zuwa lagireto inji ne ke juya shi, in ka kashe, man ya tsaya cak a inda ya fi zafi. Bar ta a silo har fitilar ta mutu, ko lambar ta sauko ƙasa da 100, yawanci minti 15 zuwa 30. Sai dai idan mai na zuba a ƙasa, ko hayaƙi na tashi, ko allurar inji ita ma ta hau ja, to nan kashewa za ka yi nan take. Kar ka watsa wa giyabos ruwan sanyi, kar kuma ka buɗe murfin lagireto da zafi.

Da ta huce, duba man. In launinsa da ƙamshinsa lafiya, ci gaba a hankali a ƙaramar giya, ka canza man cikin makon. In ya yi baƙi, ko ta ci gaba da sulɓi, kira wata mota a raba kayan. Ni a ranar nan, da a ce na tsaya a Kurna, da man kawai zan canza.

Masu giyar hannu da manyan motoci

Giyar hannu ba ta da konbata, ta fi juriya, shi ya sa masu kanta da tifa suka fi son ta. Rauninta kuloci ne. Da kaya, tashi da lamba ɗaya, ko giyar rarrafe in akwai, ba lamba biyu da rabin kuloci ba. Ɗauke ƙafa gaba ɗaya da zarar ta kama. A yawancin masu giya biyar, lamba huɗu ce ke wucewa kai tsaye daga inji zuwa farfela, wato sandar da ke kai juyi zuwa tayoyi, ta biyar ƙananan haƙora ne, kuma ita ke fara lalacewa a motar da ake ja da nauyi. Manyan giyabos ma na zafi, masu ƙera su kan yi gargaɗi kada su daɗe sama da digiri 120. Cire kusar gefe mota na tsaye daidai, man ya kai bakin ramin. Duba ko man GL-4 ko na GL-5 littafinka ya ce, domin wani GL-5 na cin zoben tagullar da ke daidaita shigar giya. Man aksil na baya ma ka duba shi a rana ɗaya.

Jan motar da ta mutu

Nan giya biyu ce a hatsari, taka da ta wadda kake ja. Motar otomatik da injinta ke kashe ba ta da mai zagayawa, in aka ja ta tayoyin da ke tuƙa ta na ƙasa, cikin giyar na juyawa a bushe ko da tana N. Littattafan wasu motoci na yarda da ɗan gajeren ja a hankali, wasu sun hana sam. Mafi aminci a ɗora ta a kan janwe, ko a ɗaga tayoyin da ke ja, ko a kwance farfela. Manyan motoci masu giyar hannu ma ana kwance musu farfela kafin a ja su, saboda haƙoran da ke watsa mai ba sa juyawa sai inji na aiki. Kafin a kwance, a sa wa tayoyi waigi, a kuma yi alama da alli a mahaɗar don a mayar da ita yadda take.

A ɓangarenka, nauyin matacciyar motar da duk kayan da ke cikinta shi kake ja, kuma birkinta ba ƙarfi tunda inji a kashe yake. Yi amfani da sandar ƙarfe maimakon igiya, don fizgar igiya na dukan giya kai tsaye. In ta fi motarka nauyi, ka ba shi lambar mai janwe.

Idan kuma ta kai ga sayen wata giyar a kasuwar Kofar Ruwa, je da bakanikenka, a daidaita lambar da ke jikin giyabos da taka, a kwance farantin ƙasa ka ga abin da maganaɗisun ciki ya tara. Laushin toka-toka ba komai, ɓarɓashin ƙarfe kuwa a ajiye ta. Kafin a ɗaura, a wanke tiyoyi da bututun lagireto tas ko a canza su, domin dattin tsohuwar giyar na nan maƙale a ciki, kuma da an tayar da inji cikin sabuwar zai koma.